Yammacin da Sirajo Tela Ya Je Jin Waƙar Iceland

Duk Bahaushen da ya zauna a Kuala Lumpur a shekarun baya-bayan nan, in dai ya taɓa sa sabuwar riga ranar Sallah ba tare da an aiko masa da ita daga gida ba, to ya san Sirajo Tela. Gajere ne kakkaura, mai faɗin kafaɗa, tef ɗin awo ba ya rabuwa da wuyansa ko da burodi zai sauka saya. Ba shi da yawan magana. In ka kai masa yadi sai ya shafa shi da bayan hannu, ya dube ka daga sama har ƙasa, ya ce ka dawo ranar Laraba. Kuma ranar Larabar za ka samu.

A Fagge aka haife shi, a nan ya koyi ɗinki wajen kawunsa Ɗayyabu, a nan kuma ya buɗe nasa shagon. Ya auri Hafsatu tana ajin ƙarshe a jami'a. Ta gama aka ɗauke ta koyarwa, ta yi digiri na biyu yana kai ta yana ɗauko ta a babur. Da jami'ar ta ba ta gurbin ƙaro karatu a Maleshiya, sai magana ta tashi a unguwa. An saba namiji ke tafiya karatu mace ta bi shi da yara, ba a saba ganin magidanci ya rufe shago ya bi mata ba. Wasu abokansa suka ce ya bar ta ta tafi ita kaɗai, wasu suka ce ya hana tafiyar gaba ɗaya. Shi kuwa ya je ya zauna gaban mahaifiyarsa, Inna Ɗelu, ya faɗa mata yadda ake ciki. Tana tsintar shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Yaran fa, wa zai riƙe su in tana makaranta? Tashi ka bi iyalinka."

Haka ya kwance kan keken ɗinkinsa, ya naɗe shi da zannuwan gado, ya cusa a tsakiyar akwati. Suka sauka a Taman Melati, a wani dogon bene kusa da tashar jirgin ƙasa, su da yaransu biyu, Khaulah da Zaid. Takardunsa ba su ba shi damar buɗe shago ba, don haka a lungun falo ya kafa keken, jikin taga. Da safe ya kai yara makaranta, ya biya kasuwar Chow Kit ya sayo naman akuya da kuɓewa, in akwai aiki ya zarce Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, ya yi ta shiga kanti yana fita har ya samu abin da ya yi kama da shadda. Kafin shekara ta zagayo ya fi matarsa jin Malayanci, irin na ciniki da gaisuwa, ita kuwa tana can ɗakin gwaje-gwaje da kwalaben ruwanta. Ɗalibai da malamai 'yan Arewa suka gano shi, suka riƙa kawo masa ɗinki. Shi ke yi wa yaransu kaftani, shi ke rage wa samari wando. In ya so tsokanar Hafsatu sai ya kira ta Dakta, ta ce ya bari sai ta kare littafin digirinta a gaban malamai tukuna.

Sai korona ta zo. Aka kulle gari, aka rufe makarantu, titin 'yan yadi ya yi tsit kamar ba a taɓa ciniki a cikinsa ba. Sirajo ya zazzage buhun ƙyallayen da yake tarawa, ya shiga ɗinka takunkumi. Na atamfa, na shadda, na ragowar labulen wani, duk ya ɗinka. Ya riƙa rataya su a ƙofofin maƙwabta cikin leda, Malayu da 'yan Sin da 'yan Indiya, bai tambayi kowa komai ba.

Cikin wannan kullen ne, dab da azumi, ƙaninsa Ubale ya kira shi daga Kano. A kwanakin tsofaffi suna ta rasuwa a birni, kullum sai ka ji an ce wane ya tafi. Ubale ya ce Inna ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, sun yi ta neman asibitin da zai karɓe ta, kafin a samu Allah ya yi mata cikawa. "Yaya, har mun dawo daga maƙabarta," in ji shi. "Sai haƙuri."

Babu jirgin sama, babu hanya. Sirajo ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a falo ya daɗe yana mata addu'a, Hafsatu da yara a bayansa. Ta waya ya karɓi gaisuwa, kowa ya kira sai ya ce, "Na gode, Allah ya ba da lada," ya ajiye. Washegari ya koma kan keke. Hafsatu ta zuba masa ido ta ga ba ya fasa cin abinci, ba ya fasa wasa da yara, amma daga ranar bai sake ambaton Inna ba. In Zaid ya ce wani abu game da kakarsa, sai uban ya tuna akwai zaren da zai nema a ɗaki. In Ubale ya kira, gaisuwa ce kawai da tambayar lafiyar gida, sai sallama. Ta so ta yi magana, ta ga ba ta san ta inda za ta kama ba, ta bar shi. Aka shafe fiye da shekara a haka.

Wajen ƙarshen shekara ta biyu ta annobar, bayan an yi wa mutane rigakafi, gari ya fara buɗewa. Wata rana Sirajo yana kantin wani Ba'indiye da yake sayen yadi a wurinsa, sai mai kantin ya nuna shi ga wani Bamalaye siriri mai furfura a gemu, ya ce, "Ga telan da nake faɗa maka." Sunan mutumin Hisham. Yana da ɗan wurin shan shayi a saman wani kanti a bayan kasuwar Chow Kit, inda kafin kulle mutane kan taru jefi-jefi a karanta waƙe ko a yi ɗan kiɗa. Yana so ya sake buɗewa, amma bangon ɗakin siminti ne tsura, in an yi magana sai ta dawo. Labule yake nema mai nauyi wanda zai rufe bango uku, kuma telolin da ya sani wasu sun koma ƙauyukansu, wasu aiki ya yi musu yawa.

Sirajo ya ce shi tufafi yake ɗinkawa, bai taɓa yin labule mai girman haka ba.

"Boleh lah, za ka iya," in ji Hisham yana murmushi ta cikin takunkumi. "Wanda ya ɗinka riga mai aljihu huɗu, labule zai gagare shi?"

Ya je ya auna. Suka zaɓi wani yadi mai kauri, shuɗi mai duhu, Sirajo ya ba da shawarar a yi masa shafi da bargo mai araha don ya sha ƙara. Mako biyu falonsa ya cika da yadi, yara suna ɓuya a ciki, allura tana karyewa yana canzawa. Ranar da ya kai aikin a bayan motar haya, ya hau benen da ƙunshin farko a kafaɗa, sai ya tarar da ƙafafun wani mutum sun leƙo daga ƙarƙashin wani tsohon akwatin katako mai kama da ƙaramin teburi. Ya yi sallama. Mutumin ya jawo jiki ya fito, Bature ne dogo, ya manyanta, fuskarsa ta yi ja saboda zafi, hannunsa riƙe da wata tsinkakkiyar igiya mai faɗi.

Hisham ya gabatar da su. Sunan Baturen Steinar, mutumin Iceland ne, shi da 'yarsa za su yi waƙa a daren buɗe wurin. Akwatin kuwa abin kiɗa ne mai maɓallai farare da baƙaƙe, a cikinsa akwai zuga-zugi, ana taka shi da ƙafa biyu iska ta shiga ya yi sauti. A wani kantin tsofaffin kaya ya saye shi lokacin kulle. Yanzu igiyar da ta haɗa matakin hagu da zuga-zugin ta tsinke.

Sirajo ya ajiye ƙunshinsa ya tsuguna ya leƙa. Abin bai yi masa baƙo ba, kusan yadda matakin kekensa yake ne. Ya karɓi igiyar ya juya ta, ya ce yana da irinta a jaka, wadda yake sa wa ƙugun wando. Ya ninka ta biyu, ya ɗinke da zaren takalmi, suka kwanta su biyu a ƙasa ɗaya yana riƙe da tocila ɗaya yana ɗaurawa. Da Steinar ya zauna ya taka, sai abin ya ja numfashi ya fitar da wani sauti mai kauri, kamar saniya tana kiran ɗanta daga nesa.

Suka zauna shan shayi, Turancin kowa da ɗan gargada amma ana fahimtar juna. Steinar ya tambaye shi daga ina. Da ya ji Najeriya sai ya ajiye kofi ya yi dariya har da dukan cinya. Ya ce tun yana saurayi yake jin sunan. A garinsu, wani ƙaramin gari na masunta, aikinsa na farko shi ne cusa busassun kawunan kifi a buhu, kuma kowane buhu an rubuta masa Legas.

"Kai ne ashe," in ji Sirajo. "A Sabon Gari ake sayar da shi, wajen 'yan kasuwar Ibo. Tun daga bakin layi za ka ji warinsa."

"Ni a gashina nake kwana da shi," in ji Steinar. "Shekara uku babu yarinyar da ta yarda ta zauna kusa da ni."

Ya ce yanzu injinan auna kifi yake kafawa a masana'antu, aikin ne ya kawo shi Maleshiya. 'Yarsa Sunneva ta zo ganinsa na ɗan lokaci sai aka rufe iyaka da ita a ciki. Watannin kulle suka rasa abin yi da yamma, suka koma rera tsofaffin waƙoƙin garinsu a falo. Kwangilarsa ta kusa ƙarewa, suna so su rera su sau ɗaya a gaban mutane kafin su tafi. "Ka zo," in ji shi. "Ka ji ko labulenka ya yi aiki."

Sirajo ya ɗauki ƙunshin labule ya koma kan aikinsa. Shi a saninsa kiɗa na biki ne da suna, ko na rediyo yana aiki. Bai taɓa shiga wani wuri takanas don ya zauna ya ji waƙa ba, kuma abin da yake ji game da irin wuraren nan bai kwanta masa ba. Da suna rataya labule na ƙarshe ya tambayi Hisham a hankali ko ana shan giya a wurin. Hisham ya ce shayi ne da kofi kawai, da ɗan kek da matarsa ke yi, kuma da la'asar sakaliya za a fara, in an kira magariba a tsaya.

A gida, suna cin tuwo, ya ba Hafsatu labarin Baturen da kawunan kifi. Can ƙarshe ya ce wai har gayyatarsa aka yi, kamar abin dariya.

"To mu je mana," in ji ta.

"Ke da littafinki?"

"Abban Khaulah, tun da muka zo ƙasar nan ka taɓa kai ni wani wuri mu biyu? In ba ofishin biza ba."

Ya yi lissafi, ya ga gaskiyarta. Ranar Asabar suka kai yara gidan Hajjo, maƙwabciyarsu, matar wani malami daga Zariya. Khaulah ta tambayi uwar da Turanci ina za su, Hafsatu ta ce mata in ta tambaya da Hausa za a faɗa mata. Hajjo ta kore su tana dariya. "Ku tafi abinku, amarya da ango. Ku dai yi mini tapau, ku ƙunso mini abinci a hanya."

Ya sa farin kaftani da hula, ita ta sa doguwar riga da mayafi ruwan toka. Suka shiga jirgi suka canza wani, suka sauka a Chow Kit hadari yana haɗuwa. Masu kifi suna wanke teburansu, masu sayar da 'ya'yan itacen durian suna jawo rumfa. A ƙofar benen wani saurayi ya auna zafin goshinsu, suka nuna shaidar rigakafi a waya, suka hau.

Ɗakin ya canza. Labulen ya rufe bangon ya sauka har ƙasa, an kashe fitilun sama an bar biyu ƙanana a gaba. Sirajo ya bi gefen ɗinkin da ido ya ga bai karkace ba, sai wuri ɗaya kusa da taga da shi kaɗai zai lura. Kujeru a warwatse, an manna tef a ƙasa tsakaninsu, amma nasu biyu Hisham ya haɗa su wuri guda. Mutanen ba su kai talatin ba: Malayu, 'yan Sin, Turawa kaɗan, da wata tsohuwa Ba'indiya da sandarta. Kowa da takunkumi, ana magana ƙasa-ƙasa.

Steinar ya fito ba tare da wata sanarwa ba, ya cire takunkuminsa ya sa a aljihu, ya tsaya hannuwansa a baya. Bai taɓa abin kiɗa ba. Ya buɗe baki kawai ya fara, da murya mai kauri wadda ba ta hawa sosai ba ta sauka sosai, yana jan ƙarshen kowane baiti har numfashinsa ya ƙare. Sirajo ya ɗan gyara zama. Ba haka ya zaci waƙar Turawa ba. Wannan ta fi kama da yadda tsofaffi ke rera waƙen wa'azi a zaure, baiti yana bin baiti, amo ɗaya yana dawowa. Ko kalma ɗaya bai gane ba, amma yana jin inda ƙafiya take faɗuwa, har ya fara sanin lokacin da za ta zo.

Da ya gama aka tafa a hankali. Babu mai guɗa, babu mai tashi ya yi liƙi. Hafsatu ta matso ta ce masa a kunne, "Kamar wajen tafsiri." Ya gyaɗa kai.

Sai Sunneva ta fito, doguwa kamar ubanta, gashinta a ɗaure. Ta ɗora wani siririn akwatin katako a kan teburi, mai tsirkiya uku, ta ɗauko baka irin ta masu goge ta fara gogawa. Tsirkiya ɗaya ce ke tafiya da waƙar, sauran biyun suna ta gunji a ƙasa ba sa canzawa. Uban ya zauna gaban nasa abin kiɗan ya fara takawa. Sirajo ya kasa ɗauke ido daga ƙafafun, hagu, dama, hagu, dama, a natse, irin takun wanda ke ɗinka doguwar kalmasa ba ya sauri. Ruwa ya sauko a waje. Ana jin sa a kan rufi, amma can nesa, bai hana jin komai ba.

Tsakanin waƙoƙi Steinar yakan yi ɗan bayani. Ya ce garinsu yana cikin kwari ne tsakanin manyan duwatsu, in sanyi ya shigo sai rana ta daina leƙowa, a yi wata da watanni ba a ga ƙwayarta ba, sai dai ɗan haske a kan tsauni. Ranar da ta fara dawowa kowane gida sai an soya waina an dafa kofi, a shiga gidan juna. Waƙar da za su yi yanzu ta masu jiran wannan rana ce. Ya ce da can bai ɗauke ta da wani muhimmanci ba, sai da ya zauna a kulle a ƙasar da rana ke fitowa kullum. Wasu suka yi 'yar dariya, tsohuwar mai sanda ta ce wani abu da yarenta.

Suna cikin waƙa ta biyar ko ta shida aka kira salla daga masallacin bayan kasuwa. Sunneva ta ɗaga bakarta, uban ya sauke ƙafa, sautin ya mutu a hankali. Hisham ya ɗage gefen labule, ashe akwai ɗan ɗaki a baya da tabarmi. Musulmin da ke wurin suka yi alwala a famfon bayan gida ɗaya bayan ɗaya. Hisham ya tura Sirajo gaba, Sirajo ya ce shi baƙo ne, Hisham ya ce ai shi ya sa. Sirajo ya ja su salla da gajerun surori, sahu da tazara, mata a baya. Sauran mutanen suna can suna shan shayi, ba ka jin komai sai ƙarar cokali.

Bayan an dawo, Sunneva ta ajiye bakar ta zauna a kujera, hannuwanta a cinya. Ta ce wannan ba a littafi ta koye ta ba, wajen kakarta ta ji. Matan zamanin da ne suke rera ta suna kaɗin gashin tumaki a dogon duhun sanyi, rabinta ma ba kalmomi ba ne, baki a rufe ake yin ta. Ta fara. Murya siririya, tana tafiya tana dawowa wuri ɗaya kamar abin da ke juyawa, uban yana riƙe mata da sauti ɗaya tak a ƙasa.

Sirajo yana zaune sai ga tsakar gidansu na Fagge a gabansa. Inna a kan tabarma bayan la'asar, ƙafafu a miƙe, auduga a hannun hagu, mazari yana juyawa a cikin 'yar tasa. Takan dangwali alli da yatsa ta murza, ta ja zare sama har iya tsawon hannunta, bakinta a rufe tana wani ɗan amo ta hanci wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Shi yana yaro yana kwance kusa da ita yana kallon zaren, ya ƙi tafiya wasa. Ya fi shekara talatin bai tuna wannan amon ba. Ba iri ɗaya ba ne da na yarinyar nan, kowa da nasa, amma aikin hannu ɗaya ne ya haife su.

Bai motsa ba. Hafsatu ta waiga ta ga gefen takunkuminsa ya jiƙe, idonsa na kan ƙafafun mai takawa. Ta tura masa kofin shayinsa kusa da hannu, ta mai da fuskarta gaba har aka gama.

Da aka tashi mutane suka tsaya gaisawa daga nesa-nesa. Steinar ya ratso ya zo wurinsu, ya dafa ƙirji ya gaida Hafsatu, ya ce wa Sirajo igiyar ta riƙe. Sirajo ya ce zai ba shi wata ya tafi da ita ko da za ta sake tsinkewa. Sai kuma ya yi tambayar da ke cinsa tun ɗazu: a garin nan nasu da rana ba ta fitowa, in Musulmi ya je, yaya zai san lokacin azahar, kuma yaushe zai sha ruwa in yana azumi? Steinar ya sosa kai ya ce bai taɓa tunanin wannan ba, amma akwai Musulmi a babban birninsu, zai tambaya ya aiko wa Hisham amsa. Hafsatu ta ce malamai sun yi bayani, akwai masu bin lokacin ƙasa mafi kusa. Sirajo ya ce duk da haka yana so ya ji daga bakin waɗanda ke can.

Ruwa ya tsagaita. Maimakon su wuce tasha sai ya ce su zauna a mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke kan kwana. Suka samu teburi a waje ƙarƙashin rumfa, aka kawo musu roti, wata irin gurasa, da miyar wake da shayi mai kumfa. Ya yagi roti ya riƙe bai kai baki ba.

"Kin san Inna tana kaɗi?" ya ce.

"Ban taɓa gani ba."

"Ta daina kafin ki zo, idonta ya yi rauni. Da zarenta ake saya a Kurmi, masaƙa har gida suke aikowa. Ni nake kai mata."

Daga nan ya ɓalle. Ya ba ta labarin ranar da ya ɓatar da ƙunshin zare a hanyar kasuwa ya ƙi komawa gida sai da yunwa ta kore shi, Inna ta zuba masa abinci ba ta tambaye shi ba sai da ya ƙoshi. Ya faɗi yadda ita ta kama hannunsa ta kai shi shagon Kawu Ɗayyabu, da yadda ta sa rigar farko da ya ɗinka mata zuwa biki duk da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shayinsa ya huce, Hafsatu ta sa aka kawo wani. Ba ta katse shi ba sai da ya tsaya da kansa.

"Akwai saƙonninta a wayata," ta ce. "Waɗanda take sa Ubale ya ɗauka ya turo. Ban goge ba. Khaulah takan saurara in ba ka nan."

Ya kalli titi, babura suna wucewa suna fantsala ruwa. Sannan ya ce ta kunna ɗaya.

Ta ba shi abin kunne ɗaya ta sa ɗaya. Muryar Inna ta fito da ƙarfi, irin ta wanda bai yarda waya tana ji ba. Tana gaida Hafsatu da karatu, tana tambaya ko kuka da daddawar da aka aika sun isa, tana cewa a faɗa wa Sirajo ya rage ɗinki a duhu. Ta kira sunan yaran ɗaya bayan ɗaya. A bayanta wata akuya tana ta kuka, har ta tsaya ta ce, "Kai Ubale, kore mini dabbar nan," ta ci gaba.

Sirajo ya yi dariya, ya share fuska da tafin hannu. "Jar akuyar nan ce mai cin sabulu."

"Matar Ubale ta ce tana nan. Har ta haifi biyu."

Ya ce ta sake kunnawa, ta sake. Sannan suka sa aka ƙunsa wa Hajjo da yara roti da soyayyiyar taliya, suka kama hanyar tasha.

Washegari da hantsi ya kira Ubale, suka yi hira har cajin wayar ya ƙare. Ya tambaye shi duk abin da bai tambaya ba a baya, wa ya yi mata wanka, wa ya ja salla, me ta ce a kwanakin ƙarshe. Steinar da 'yarsa sun koma ƙasarsu kafin sabuwar shekara, suka bar wa Hisham abin kiɗan don ya yi nauyin ɗauka. Su Sirajo sun ƙara shekara guda da 'yan watanni, Hafsatu ta kare littafinta, suka tattara suka dawo Kano. Ranar da suka sauka, bayan an ci abinci an yi la'asar, Ubale ya ɗauke shi a babur zuwa maƙabarta. Kaburburan wancan lokacin suna da yawa kuma sun yi kama da juna, amma Ubale ya dasa wani ɗan icce a gefen nata tun ranar, ya kai ƙugu yanzu. Suka tsuguna su biyu suka yi mata addu'a, suka cire ciyawar da ta fito, suka koma gida kafin magariba.